Rabon Wanda Ba Ya Nan: Kayan Zaƙi a Bukukuwan Iyali na Ƙasar Sin



Mai girma shugaban taro, malamaina, iyayena maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa da nake hangowa a can baya, da ɗalibai, barkanmu da yamma. An ɗora mini nauyin yin magana a kan kayan zaƙi da na ƙwalam da maƙulashe waɗanda Sinawa ke yi idan bikin iyali ya zo. Na san akwai mai cewa a ransa, ƙasar da muke sayen injuna da wayoyi da babura a wurinta, me ya kai mu ga zancen alewarta? Masu fatauci zuwa Guangzhou da Yiwu su ne za su fi kowa saurin gane amsar. Duk shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kaya kan tsaya cak. Masana'anta a rufe, dillali ba ya ɗaga waya, kwantena tana zaune a tashar jirgin ruwa. Ma'aikatan sun tafi gida. Mutanen karkara da suka bar gona suka koma aikin ƙodago a ƙasar nan sun kai wajen miliyan 300, kuma hukuma kan ware kwana 40 cur domin jigilar masu komawa gida da dawo da su. Akwai wanda zai kwana biyu a hanya don ya yi mako guda da mahaifiyarsa. Abin da ke jiran mutumin nan a kan teburin gidansu shi nake so mu duba, domin wanda ka san abin da yake ci ranar farin cikinsa, ka san wani abu game da shi da takardar ciniki ba za ta nuna maka ba.

Sai mun fara da kalanda kafin mu shiga madafa. Sinawa suna ƙidayar watanninsu na gargajiya da tsayuwar wata, amma bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na 13, sau 7 a cikin kowace shekara 19. Wannan ƙarin ne ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara. Sabuwar Shekara, wadda suke kira Bikin Bazara, kullum tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, cikin tsananin sanyi. Bikin Tsakiyar Kaka kullum yana zuwa da girbi. Saboda haka kowane biki ya kama abincinsa ya riƙe, domin abin da gona ta bayar a wannan lokaci, da abin da yanayi zai bari a ajiye, ba sa canzawa. Sannan ƙasar ta rabu biyu a wajen ci. Daga tsaunukan Qinling da kogin Huai zuwa arewa, alkama da gero ne abinci. Daga nan zuwa kudu, shinkafa ce. Kusan duk abin da zan ambata yana da siga biyu, ta arewa da ta kudu, kuma har gobe suna musu a kan wacce ta fi.

Zaƙin da kakanninsu suka fara haɗawa da hannunsu na tsiro ne. A jiƙa alkama ko sha'ir har ya tsira, a daka, a cuɗa da dafaffen gero ko shinkafa, a rufe a wuri mai ɗumi, ruwan da ya tsatso a dafa shi har ya yi kauri ya koma maɗi. Wani masanin noma mai suna Jia Sixie ya rubuta yadda ake yinsa tun ƙarni na 6. Sukarin rake mai kyau ya zo daga baya, domin a shekarar 647 ne Sarki Taizong na daular Tang ya aika manzanni ƙasar Magadha a Indiya su koyo yadda ake dafa shi. Gyaɗa kuwa baƙuwa ce ta kwanan nan a tarihinsu, sai a ƙarni na 16 jiragen ruwa suka kawo ta daga nahiyar Amurka. Riɗi ma daga yamma ya shigo musu, kuma yau Sin tana cikin ƙasashen da suka fi sayen riɗi a duniya, mafi yawansa daga Afirka, har da Nijar da Najeriya da Sudan. Manomin riɗi da ke cikin ɗakin nan yana da hannu a teburin da muke magana a kai, ko da bai sani ba.

Hidimar Sabuwar Shekara tana somawa ne mako guda kafin ranar, wato 23 ga watan 12 a arewa, 24 a kudu. A imaninsu na gargajiya, kowane murhu yana da mai tsaronsa, wanda suke kira Zao Jun, ana liƙa hotonsa na takarda a bangon madafa. Sun ce shekara guda yana kallon duk abin da ake yi a gidan, faɗan miji da mata, ɓarnar abinci, yadda ake riƙon tsofaffi, kuma a wannan rana yake tafiya sama ya kai rahoto. To sai a ajiye masa alewar tsiro, wasu har su shafa masa a leɓe, wai bakinsa ya yi zaƙi ya faɗi alheri, ko kuma haƙoransa su manne ya kasa faɗin sharri. Daga nan a ƙone hoton, a liƙa sabo a jajibirin shekara. Mu ba imaninmu ba ne, kuma Sinawan birni da yawa yau sun ɗauke shi al'ada kawai. Amma ku lura da inda suka zaɓa su ajiye mai shaida a kan halin iyali. Ba su kai shi zaure ko turaka ba, a madafa suka ajiye shi, inda ake rabon abinci.

Ita alewar, tanggua, aikin ƙarfi ce. Idan maɗin ya dahu ya yi ja, sai a rataya shi a ƙugiyar katako, mutum biyu ko uku su yi ta ja suna ninkewa a kan tururin tukunya don kada ya sandare a hannunsu. Ana ja iska tana shiga, launin yana komawa fari, har ya zama doguwar igiya mai rami a ciki. Sai a fita da ita waje cikin sanyi, a riƙa datse ta da zare, kowane yanki ya kumbura kamar ƙaramar kabewa. Sanyin ne ke sa ta ƙame, ka gatsa ta fashe rugu-rugu, sannan ta narke ta kama haƙori. Ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi ta yi laushi ta lalace. Shi ya sa ba a yinta sai a wannan lokaci, kuma yara ne ke cinye ta da zarar an gama abin da za a yi.

Bayan ta sai niangao, wanda in babu shi a kudu ba a yi biki ba. Shinkafa ce mai danƙo, irin wadda in ta dahu take mannewa. A Guangdong ana kwaɓa garinta da mazarƙwaila a zuba a faranti mai zurfi a turara na awoyi, ya fito ja mai sheƙi. Kwana biyu ya yi tauri, sai a riƙa yanka shi fale-fale, a tsoma a ruwan ƙwai a soya, waje ya yi ɓawo ciki ya yi laushi. A Ningbo fari ne ba sukari, ana soya shi da ganye kamar abinci. A arewa da wani gero rawaya mai danƙo ake yi, a jera masa jar magaryar ƙasar, wadda takan kai girman dabino. A ƙauyukan kudu har yanzu akwai inda ake kirɓa shi a turmin dutse. Maza ke karɓa-karɓa da ƙaton gudumar katako, mutum guda yana tsugune gefen turmin da ƙwaryar ruwa, duk sa'ad da guduma ta tashi sai ya jiƙa hannu ya juya ƙullun ya janye kafin ta sauko. Kuskuren daƙiƙa guda yatsu sun tafi. Ba a ba baƙo wannan gurbi, sai wanda ya san numfashin mai dukan. Iyayena mata da suka san yadda ake taruwa a tuƙa nakiya a murza alkaki idan gara ta matso sun san abin da nake nufi: akwai abincin da mutum ɗaya ba ya iya yi, kuma taruwar da aka yi dominsa rabin bikin ce.

Akwai wani dalili da ke sa su zaɓi abu kaza su bar abu kaza, kuma ba a fahimtar teburin sai da shi. A Sinanci kalmomi da yawa furucinsu ɗaya ne, don haka sunan abinci kan zama fatan alheri. Sunan niangao yana fita daidai da cewa bana ta fi bara ɗaukaka. Kifi yana fita daidai da rara, shi ya sa ake kawo shi a bar saura. Lamba 8 suna sonta, lamba 4 suna gudunta saboda ta yi kama da kalmar mutuwa. Wanda zai kai wa abokin cinikinsa Basine tsaraba ya kiyaye wannan.

A Guangdong da Hong Kong, kwanakin ƙarshe na shekara kwanakin suya ne. Ana yin yau gok, ɗan ƙullun fulawa da ake cusa wa dakakkiyar gyaɗa da riɗi da kwakwa da sukari, a kitse bakinsa da yatsa a soya. Ana yin jin deui, dunƙulen garin shinkafa da aka birkiɗa a riɗi, wanda ake dannawa da ludayi a cikin mai har ya kumbura ya yi fanko. Duk abubuwa ne masu jure ajiya, kuma da dalili. A al'ada ranar farko ta shekara ba a son a ɗauki wuƙa, ba a son a yi shara, wai kada a share arziki, kuma a da kasuwanni a rufe suke kwanaki. Uwar gida tana bukatar abin da za ta miƙa wa baƙo ba tare da ta hura wuta ba.

Abin da take miƙawar shi ne akwatin nan mai zagaye, galibi ja, wanda aka raba cikinsa gida 6 ko 8. Kowane gida da abinsa: ƙwayar wani irin bado da suke nomawa a tafki, an dafa ta da sukari an busar, saiwarsa mai huda-huda, ita ma haka, farar kabewa da aka yanka tsinke-tsinke, kwakwa, citta, ƙananan lemo, gyaɗa, a tsakiya kuma 'ya'yan kankana jajaye. Baƙo ya shigo ya yi gaisuwar shekara, a zuba masa shayi, a buɗe akwatin. Babu abu mai tsada a ciki, kuma babu mai ƙosarwa. Amfaninsa ya zaunar da mutum. 'Ya'yan kankana sai an fasa ɗaya bayan ɗaya da haƙori, ƙwayar ciki ba ta taka kara ta karya ba, amma hannu da baki sun sami abin yi, hira kuma ta yi tsawo. Daren jajibiri, bayan babbar liyafar iyali, haka ake zama ana fasawa ana kallon shirin talabijin na ƙasa da aka fara tun 1983, ɓawo yana taruwa a ƙasa ba mai sharewa. Rana ta biyu matan aure ke zuwa gidan iyayensu da mazajensu da 'ya'yansu, ɗauke da kwalayen kayan zaƙi da lemo. Zumunta a ƙafa take, in ji mu, su ma kwanakin nan a ƙafa suke yinsu.

Ina so mu ɗan tsaya a nan, domin wanda ya ga yalwar kasuwannin Sin a yau zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. Tsofaffin da ke cika wa jikokinsu aljihu da alewa a yau sun tashi cikin rashi. Daga 1959 zuwa 1961 an yi yunwar da ta kashe miliyoyin mutane, musamman a karkara. Daga 1955 har zuwa 1993 hatsi a birane da takardar rabo ake sayensa, ko kana da kuɗi in ba ka da takarda ba za a auna maka ba. Sukari da mai da nama duk sun daɗe a kan wannan tsari. Idan Sabuwar Shekara ta matso sai hukuma ta ƙara wa kowane gida ɗan mai, ɗan sukari, ɗan gyaɗa da 'ya'yan kankana, mutane su bi layi cikin sanyi tun asuba. Uwa takan yi watanni tana tsimin cokalin mai daga girkin yau da gobe domin ta sami na suyar biki. Alewar madarar nan ta Shanghai mai suna White Rabbit, wadda ta sami wannan suna a 1959, a wancan zamani ƙwaya biyu ko uku yaro zai samu, ya tsotsa ya mayar cikin takarda ya ajiye na gobe. Darajarta ta kai Firayim Minista Zhou Enlai ya ba Shugaba Nixon na Amurka ita kyauta a ziyarar 1972. Idan tsohuwa Basiniya ta matsa maka sai ka ƙara, ta tura maka cikin jaka kana cewa ya isa, ka karɓa da hannu biyu. Ta san ranar da babu.

Bikin Sabuwar Shekara yana rufewa a daren 15 ga wata, Bikin Fitilu, da farin wata na farko a shekara. Abincin daren ƙananan dunƙule ne farare na garin shinkafa mai danƙo, da zaƙi a ciki, ana dafa su a ruwa a sha da romonsu. Mutanen kudu suna kiransu tangyuan, kuma kwaɓa ƙullu suke yi su cusa baƙin riɗi da sukari su mulmule da tafin hannu. Mutanen arewa suna kiran nasu yuanxiao, kuma ta baya suke farawa. Sukan yanka abin cikin ƙanana ya sandare, su tsoma a ruwa, su jefa cikin babban faifai mai cike da busasshen gari su yi ta girgizawa. Gari ya kama, a sake tsomawa a ruwa, a sake girgizawa, haka har dunƙulen ya kai girman da ake so. Na kudu santsi gare shi, na arewa yana da ɗan tauri kuma romonsa kan yi kauri. A daidai wannan sanyi ne kuma ake sayar da tanghulu a titunan Beijing, wasu 'ya'yan itace jajaye masu tsami da aka soke a tsinke aka tsoma a narkakken sukari, ya ƙame kamar gilashi.

Bukukuwa biyu na tsakiya zan wuce su da sauri. Farkon Afrilu ake Qingming, ranar da iyali ke zuwa share kaburburan iyaye, kuma a yankin Shanghai da Suzhou ana yin qingtuan, dunƙulen shinkafa kore shar da ruwan wani ganyen daji. Ranar 5 ga wata na 5 ake tseren kwale-kwale ana cin zongzi, shinkafa mai danƙo da aka ƙunshe a ganyen gora aka ɗaure da zare aka dafa, don tunawa da mawaƙi Qu Yuan wanda ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Na arewa mai zaƙi ne da magarya, na kudu galibi da nama.

Wanda na fi so mu daɗe a kansa shi ne yuebing, wainar wata, ta Bikin Tsakiyar Kaka, daren 15 ga wata na 8, wanda kan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba. An gama girbi, sama ta washe, wata ya cika. Iyali kan fitar da tebur tsakar gida ko bakin taga, a jera 'ya'yan itace da shayi da wainar, a zauna kallon wata. Yara ana ba su tatsuniyar Chang'e, matar da ta sha maganin rashin mutuwa ta tashi ta koma wata ita da zomonta. Tatsuniyar tana da ƙarfi har yau, don kuwa kumbon da Sin ta saukar a bayan wata a Janairun 2019 sunan matar nan aka sa masa, motar da ya sauke kuma sunan zomon. Akwai kuma labarin da za ku ji a bakin kowa, cewa masu tawaye ga mulkin Mongol sun ɓoye saƙo a cikin waina kafin kafa daular Ming a 1368. Masana tarihi ba su sami hujjarsa a rubuce-rubucen zamanin ba. Labari ne mai daɗi da aka ƙaga daga baya.

Irin ta Guangdong ita ce ta fi yaɗuwa. Fatarta fulawa ce da mai da ruwan toka da dafaffen ruwan sukari wanda aka ajiye ya kwana da yawa. Cikinta ƙwayar badon nan ce, a dafa ta, a cire ɗan koren tsiron da ke tsakiyarta don yana da ɗaci, a niƙa, a zuba a kasko da mai da sukari a yi ta tuƙawa har ta daina kama kasko. A tsakiya ake binne gwaiduwar ƙwan agwagwa da aka jiƙa a gishiri makonni, ta yi ja ta yi mai. Gwanintar tana wajen rufewa: ɗan ƙullu kaɗan ake lailayawa a kan babban dunƙule, a riƙa tura shi sama da gefen babban yatsa har ya haɗe ba tare da ya yage ba. Sai a danna cikin katakon da aka sassaƙa wa fure da rubutu, a buga gefensa a kan tebur, dama, hagu, gaba, wainar ta faɗo da zanenta. An gasa ma ba a ci ranar. Sai ta kwana biyu ko uku, man ciki ya ratso fatar ta yi laushi ta yi sheƙi. Suzhou tasu mai ɓawo ce fale-fale, Yunnan da nama suke yi, akwai kuma mai ƙwaya iri biyar wadda tsofaffi ke so matasa ke tsokana.

Waina ce mai nauyi, ba ta fi tafin hannu ba amma ba wanda zai cinye guda shi kaɗai ya ji daɗi. Yankawa ake yi. Kuma a tsohuwar al'ada uwar gida takan ƙidaya mutanen gidan kafin ta sa wuƙa, ta yanka daidai da adadinsu, kowa yanki ɗaya, babba da yaro ba bambanci. A cikin ƙidayar har da wanda ba ya nan. Ɗan da ke aiki a masana'anta a Shenzhen, 'yar da ke karatu a wata ƙasa, mijin da fatauci ya riƙe, kowa a yanka nasa a ajiye. Wannan, a ganina, shi ne zuciyar duk abin da na faɗa tun ɗazu. Mutanen nan sun daɗe da sanin rabuwa. Jami'in gwamnati a zamanin sarakuna doka ta hana a tura shi aiki a lardinsu. Talakawan Guangdong da Fujian sun bazu Maleshiya da Singafo da Amurka neman abinci. A yau miliyoyin yara a ƙauye kakanni ne ke riƙonsu, iyaye suna birni. Al'ummar da ke rayuwa haka ta ƙirƙiro wa kanta abinci mai zagaye wanda dole a raba shi, da ranar da dole a ƙidaya kowa. Yaron da ya ga an ajiye wa babansa yanki ya ji a jikinsa cewa baban yana cikin gidan nan har yanzu, ba sai an yi masa bayani ba.

Abin takaici, wannan waina ita ce kuɗi suka fi ɓatawa. Da arziki ya shigo, sai ta tashi daga tsakar gida ta koma ofis. Kamfani ya aika wa jami'i, jami'i ya aika wa na sama da shi, kwali yana ƙara girma waina tana nan yadda take. An kai ana saka kwalbar giya mai tsada ko agogo a gefenta, ana yin akwatin da katako mai daraja, kowa kuma ya san ba waina ake aikawa ba. Da yawa ba a ko buɗe su, daga hannu zuwa hannu har su lalace a zubar. A 2013 hukumar ladabtarwa ta jam'iyya mai mulki ta hana sayen wainar wata da kuɗin gwamnati don kyauta. A 2022 aka ƙara da cewa marufi kada ya wuce ninki 3, kada a haɗa ta da wasu kaya a kwali ɗaya, kuma duk kwalin da ya haura yuwan 500 za a sa masa ido. Na goyi bayan dokar. Sai dai doka tana iya rage kwali, ba ta iya mayar da mutum gida ya zauna a yanka da shi. Ga kuma ciwon sukari, wanda ƙididdigar 2021 ta nuna manya wajen miliyan 140 ke ɗauke da shi a Sin, fiye da kowace ƙasa. Abin da aka tsara a ci yanki ɗaya sau ɗaya a shekara, yanzu yana kan kanta wata biyu kafin biki. Masu gasawa sun koma yin ƙanana masu ƙarancin sukari, kuma hakan daidai ne.

Saura magana guda da ta shafi mafi yawanmu kai tsaye. Da yawa daga cikin abubuwan nan, ko da zaƙi ne zalla, da kitsen alade ake yinsu a gargajiyance. Tangyuan na Ningbo da shi ake murza riɗin. Wainar Suzhou da shi ake samun ɓawon nan. Mai ƙwaya biyar takan zo da kitse ko nama a ɓoye, wani lokaci da ɗan giya. Wanda aka ba kyauta ya karɓa da godiya, ya tambayi abin da ke ciki, babu Basine mai hankali da zai ji haushin tambayar. Kuma akwai mafita a cikin ƙasar kanta, domin Musulunci ya fi shekara dubu a Sin. Ƙabilu 10 na ƙasar Musulmi ne, 'yan Hui kaɗai sun haura miliyan 11. Abincinsu ana sa masa alamar qingzhen, haruffa biyu na Sinanci, galibi a kan allo kore. Ku koyi gane haruffan nan da ido, don a shekarun nan hukumomi sun sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, har a Beijing. A unguwar Niujie ta birnin, inda masallacin da aka kafa tun 996 yake, layin masu sayen niangao da yuanxiao da wainar wata na man gyaɗa da man riɗi kan yi tsawo gab da biki, kuma da yawa cikin masu layin ba Musulmi ba ne, tsabtar aikin ce ta kawo su.

Su kansu 'yan Hui na Ningxia da Gansu da Qinghai babban bikinsu Ƙaramar Salla ce da Babbar Salla, kuma suna da nasu kayan. Kwana biyu ko uku kafin Idi mata kan taru a gida ɗaya suyar sanzi. A kwaɓa fulawa da ƙwai da mai, a murza ta zama siririyar igiya, a naɗe ta a hannu zagaye bayan zagaye, a zura sanduna biyu a miƙe ta, a lanƙwasa a cikin tafasasshen mai. Ana jera su a faranti hawa-hawa, kuma da tsayin jerin da sirantar igiyar ake gane gwanar gida. Sai youxiang, faffaɗan ƙullu mai zagaye da ake tsaga wa tsakiya a soya. Mai suyar takan yi alwala kafin ta tsaya gaban kasko, ta yi bisimilla, kuma mai ci da hannu yake gutsura, ba ya kai shi baki ɗungurungum. An sauko Idi, yara su ɗauki faranti su bi gidajen dangi da maƙwabta. Baƙon da ya shigo kuwa a ba shi shayi a kofi mai murfi, an zuba masa magarya da zabibi da riɗi da ƙanƙarar sukari, ana ƙara ruwan zafi a kai muddin yana zaune. Ɗan'uwan da Salla ta riska a can ya nemi unguwar 'yan Hui, ya yi sallama, za a amsa masa.

Shugaba, a nan zan dakata, in akwai tambaya ina saurare.